Baƙuwar da Ta Jira Baba

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke wa babana magana, a shekarar Tiyamike ta sauka gidanmu a Italiya. 'Yar Malawi ce, ta zo koyon Italiyanci, makarantarsu ta nema mata ɗaki a wurinmu. Ni dai ban so ba, jinyar Baba ma ta ishe ni, amma mijina Saverio ya riga ya amsa.

Mu a gidan nan in an zauna cin abinci kowa magana yake, ba mai sauraron wani. Ita sai dai ta yi ta murmushi tana juya taliya a faranti. Baba ma yana can ƙarshen tebur, kafin ya kakaro kalma ɗaya hira ta yi nisa. A hankali ya daina gwadawa.

Wata rana na dawo kasuwa na tarar da su a bayan gida. Ta dafa tsanin da muke hawa tsinkar zaitun, tana tambayarsa yadda ake kiransa. Ya daɗe yana fama, leɓensa na rawa. Da ni ce, da tuni na ƙarasa masa don tausayi. Ita kuwa ba ta san kalmar ba, dole ta jira. Ya fito da ita a karkace, ta maimaita a karkace. Ya harare ta, ya sake faɗa, wannan karon daidai.

Daga nan kullum da hantsi suna tare, tana tura shi a keken guragu cikin gona, tana nuna abu yana faɗa.

Ana nan, ran nan ta dawo makaranta fuska ba walwala.

"Inna Ottavia, malama ta ce wai maganata irin ta tsofaffin ƙauye ce. Har da zagi a ciki."

Na ce, "Me kika ce mata?"

"Abin da Kaka yake ce wa akuya in ta ƙi tafiya. Na zaci gaisuwa ce."

Saverio ya ƙware da ruwa. Baba ya yi ta dariya har da hawaye, sannan ya buga tebur da hannunsa mai lafiya.

"Rabu da malamar nan, jikata. 'Yar birni ce, ba ta taɓa kiwon akuya ba."

Tun da ya kwanta bai haɗa magana mai tsawon haka ba. Na shige kicin na yi kukana.

Tiyamike ta koma gida bayan an gama matsar man zaitun. A tashar jirgin ƙasa na so in gode mata yadda ya kamata, na kasa, sai na riƙe hannunta na yi ta cusa mata cuku a jaka.

Baba ya rayu har bikin 'yata Nunzia, shi ma ya sa wa ango da amarya albarka. Maganar gajera ce, amma har na bayan zaure sun ji ta sarai.