Jan Layi a Kan Sunan Ma'u

"Yanzu fisabilillahi, Malam, 'yar tawa aljana ce? Roni an ce ta tafi, Kazaure an ce ba ta iso ba, ga ta kuwa kullum tana cinye mini tuwo!"

Tasalla ce ke faɗa, a tsaye a ofishin hedimasta Malam Halliru, a Roni. Zuwanta na uku ke nan a bayan akori-kura. Maigidanta Mamuda, malamin gona, aka yi wa canjin aiki zuwa Kazaure, suka kwashi komatsai suka bi shi. 'Yarsu Ma'u tana aji bakwai, kuma jibi Alhamis za a rufe ɗaukar sunayen masu jarrabawar shiga kwaleji. Wanda ba ya cikin rajistar wata makaranta, sai baɗi, in da rai.

Shi Malam Halliru mutum ne mai tsabtar aiki. Ran da aka ce masa za su tashi, ko sanyi maganar ba ta yi ba ya ɗauko rula da jan alƙalami, ya zabga wa sunan yarinya layi. Takardar canjin makaranta kuwa ya ba wani direba ya kai Kazaure. Direba ya yi Babura ɗaukar gyaɗa, takarda ta bi shi, har yau shiru. Hedimastan Kazaure ya ce ba takarda, ba suna.

"To rubuta mini wata," in ji Tasalla. "Ni zan kai da hannuna."

Malam ya gyara tabarau. "Ai ba na rubuta takarda a kan yarinyar da ba ɗalibata ba."

"Wa ya fitar da ita?"

"Ni."

"To mayar da ita."

"Jan alƙalami ba ya gogewa. In sufeto ya zo ya ga an kankare rajista, me zan ce masa?"

Tasalla ta yi salati, ta tafa hannu. "Allah ya gafarta Malam, ni ko alif na boko ban sani ba. Amma mu a bakin rijiya, in za a sauke wa mace tulu, mai ɗauke da shi ba ta saki sai ta ji an ce 'na kama'. In ba a kama ba, tulu na nan bisa kanta, ba a yi asarar komai ba. Kai da ka yi karatu har Kano, wa ya ce maka ya kama ka sakar mini 'ya?"

"Baiwar Allah, tsarin gwamnati ba tulu ba ne."

"Gaskiyarka. Tulu in ya fashe ana jin ƙara."

Ya buɗe rajistar ya juyo mata, wai ta gani da idonta. Layin kuwa ya miƙe sambal, ko gargada babu. A ƙarƙashin suna na ƙarshe ta hango gurbi fari fes, ta ɗora yatsa a kai.

"Nan fa? An haramta shi ne? Rubuta ta a nan a sabuwar zuwa, ta sake zama ɗalibarka. Ka yi mini takardar, in tafi. In can sun rubuta ta, ni da ƙafata zan dawo in gaya maka, sannan ka ja layinka, har biyu in kana so."

Malam ya dubi rajista, ya dubi agogo. A waje direban motar Kazaure ta ƙarshe ya danna ham.

"Malam, don girman Allah," in ji Tasalla, "layi ɗaya tak. Za ka rubuta?"