Ɗan Goggo Ne, Na Ce

Hasana, Bature, Fa'iza, ku matso… Wa nake kira? Ni ɗaya ce a ɗakin ga, sai kwanon furar da ya bari bai taɓa ba.

Yayanku. Ba na faɗin sunanshi, kun sani, ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi Goggonku ta goya shi ta wuce Gummi, ko kallon bayansu ban yi ba. Haka uwata ta yi, haka muka taras.

To mene ne laifina jiya?

Ya zama Alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara. An rantsar da shi Abuja, ya kwaso manyan baƙi har Adabka, kan wannan hanyar da babur ma ke kuka. Matar nan, Mai Shari'a Sandra, mutuniyar Kudu, ta durƙusa gabana da tsadadden leshinta, ta tambaya da Turanci: "Mama, ke kika haifa mana shi?" Gaban surukai! Gaban garin duka!

Na ce, "Ni ban haifi kowa ba. Ɗan Goggo ne."

Kai kuma Bature, sarkin Turanci, ka juya mata shi ɗanye yadda na faɗa. Ba ka iya sa mishi gishiri? Murmushinta ya mutu. Ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa maraya.

Shi ya san al'ada, ya sani sarai… To me ya sa ya sunkuyar da kai? Furfura a gemunshi, yana murza hula kamar ranar da ya zo hutu daga makaranta, ya tsaya bakin ƙofa yana jira in ce ya shigo. Ban ce ba. Ya zama majistare a Anka, ban ce komai ba. Babbar Kotu a Gusau, rediyo ta faɗa, na zaga bayan rumbu na yi guɗa cikin gyale, kaji kaɗai suka ji.

Kaji! Mutumin da ke sauraren shaidu, ni ban bar mishi shaida ko ɗaya ba.

Goggo ta rasu bara. Ɗan wa ke nan na ce musu?

Gobe zai wuce inda aka tura shi, har yanzu bai aiko sallama ba. Motarshi na Bukkuyum.

Ku je ku shirya mu. Ku ce mishi uwar… ku ce Inna ta ce Mut…

Bakina ya ƙi. Ku dai kawo mini shi.