Albasar Kwaɗin Iya Tani

Duk Burumburum da wuya a samu mai taurin kan Iya Tani, kuma ciwo bai rage mata komai ba. Tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye a tsakiyar rani, ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Likita ya faɗa mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ƙafar ba ta mutu ba, amma in ba a taka ta kullum za ta sandare, daga nan kuma sai kwanciya har abin da Allah ya yi. Ɗanta Ubale ya sayo mata sandar asibiti mai kyau. Iya ta mayar da ita wurin rataye mayafi.

"Ni da nake zuwa kasuwar Doguwa a ƙafa da kaya a kaina," in ji ta, "yau a ga ina jan ƙafa kamar ɗaurarriyar kaza? Ku ƙyale ni."

Kunya ce ke cinta, da baƙin ciki. Ubale ya yi lallashi har ya gaji.

To, a bayan rumbun gidan akwai ɗan lambun Iya, inda take shuka rama da kuɓewa. A kusurwarsa akwai albasar kwaɗi, wadda ta tono daga gindin duwatsun Doguwa shekarar da aka kawo ta gidan nan amarya. Tsiron daji ne, ba a cin sa, ko akuya ba ta kula shi. Duk rani ba a ganin ko alamarsa. Amma in ƙasa ta sha ruwa ya kai ciki, sai ya turo kai ya buɗe farin fure mai ja-ja a tsakiya. Ruwan farko yakan yaudari manomi, ya zuba iri, rana ta ƙone shi. Shi ya sa marigayi Malam Hamidu, mijin Iya, ba ya taɓa shuka sai ta leƙa bayan rumbu ta ce furen ya buɗe. A hankali rabin unguwar suka koma jiran bakinta.

Da aka yi ruwan farko na bana, ƙanshin ƙasa ya shigo har ɗaki. Iya ta shaƙa, ta ja zane ta rufe fuska. Bayan ruwa na biyu sai ga sallamar Malam Zakari, maƙwabcinsu, daga zaure.

"A gaishe da Iya, a yi mata ya jiki. A ce masara na nan a buhu, muna jira."

Jikarta Nusaiba, wadda ta zo hutu daga makarantar koyon aikin jinya, ita ta kawo saƙon. Iya ta yi tsaki.

"Ke, je ki duba min bayan rumbu."

Nusaiba ta je ta dawo tana kaɗe hannu. "Akwai dai wani abu kore-kore."

"Kore-kore! Ganye ne ko kan fure?"

"Oho. Ni duk ciyawa ɗaya ce a wurina, tsohuwa."

"Yana da kumburi a sama?"

"Wataƙila. Ko kuma ramarki ce ta tsiro. Kin ga, bari kawai in ce wa Baba Zakari ya shuka. In ta ƙone, ai cewa za a yi Iya Tani ce ta faɗa."

Nan fa ran Iya ya ɓaci. Tun da take ba ta taɓa sa wani ya yi asarar iri ba, sai yanzu wata mai farin takalmin asibiti, wadda ba ta san rama da albasar kwaɗi ba, za ta zubar mata da mutunci? Ta zage ta tas, ta haɗa da makarantar tasu. Nusaiba ta tsaya tana sauraro kamar ana yi mata waƙa.

"Miƙo min taɓarya," in ji Iya.

"Ga sandarki nan fa."

"Na ce taɓarya!"

Tashin bai zo da sauƙi ba. Gumi ya karyo mata, ƙafar ta yi nauyi kamar ba tata ba, kuma tsoron faɗuwa ya kama ta sosai. Nusaiba ta shiga ƙarƙashin kafaɗarta, wannan karon ba tsokana. Suka fito tsakar gida. Matar Ubale, da ke wanke-wanke, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ce sannu, kuma Iya ta ji daɗin hakan.

A bayan rumbu ta tsaya tana haki. Ga tsirran albasar kwaɗin nan sun fasa ƙasa, kawunansu a kumbure, fari-fari na leƙowa ta baki. Duk zafin da aka sha suna nan a ƙasa, ba wanda ya ba su ko ɗigon ruwa. Iya ta daɗe tana kallonsu, hawaye ya zubo mata, ba ta ma share ba.

"Ba su buɗe ba," in ji ta. "A ce wa Zakari ya ɗaure buhunsa. Saura kaɗan."

"To gobe in duba miki?"

Iya ta juyo ta dube ta. Sai a lokacin ta lura an share kewayen tsiron tsaf, har an kafa ƙaya don kada kaji su tone. Mai cewa duk ciyawa ɗaya ce! Nusaiba ta kawar da kai tana danne dariya.

"Ja'ira," in ji Iya. Ta gyara riƙon taɓarya, ta ɗaga ƙafar hagu ta ajiye da kanta. "Ba na son dubawarki. Gobe da an idar da sallar asuba ki zo ki tashe ni, kuma ki sauke mayafin nan daga jikin sandar."