Lambar da Ba Ta Cikin Layi

…kuma wai a bencin baya ya ga damar zama. Ɗan Gaba. Shi da a da yake riga mai shara zuwa aji don kada a ƙwace masa bencin farko, har sunan ya bi shi, yau shi ne shugaban sashe, ya harɗe ƙafa a can ƙurya da biro a hannu, ya zo ya ga ko Malam zai iya. Haka suka faɗa a ofis, cikin ladabi: darasi ɗaya kawai za a leƙa, in komai lafiya ajin yana nan a hannunsa. In ba lafiya ba fa? Ba wanda ya ƙarasa maganar. Ba sai sun ƙarasa ba.

Allin yana rawa. Hannun dama ne, wanda ya tafi ya dawo rabi da rabi tun ranar da ya faɗi a banɗaki, Auta tana dukan ƙofa tana kiran Baba, Baba, yana jin ta sarai, bakin ya ƙi buɗuwa — a'a. Ba yanzu ba. Allo.

Akwai lambobin da aljabara ta haifa, yake gaya musu, harshen yana ɗan jan ƙafa. Ka rubuta lissafinka da cikakkun lambobi, ka warware, su fito a matsayin amsa. Waɗannan duk yawansu ana iya jera su a layi, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kowace da wurinta, kamar masu jiran likita… bencin nan mai sanyi, Auta riƙe da katinsa kamar ita ta haife shi, likitan da bai kai sa'an ɗansa ba yana cewa, Baba, ƙirga min daga goma ka yi baya. Shi. Shi ake wa wannan tambaya. Ya ƙirga kuwa, aka ce masa madalla.

To amma dukan lambobi, kaf ɗinsu, ba sa shiga layi. Kowane layi ka jera, akwai wadda ta rage a waje. In waɗancan sun jeru, dukan kuwa sun ƙi jeruwa, ke nan akwai ragowa, lambobin da suka gagari aljabara, babu lissafin da ya haife su. Su ne ma suka fi yawa. Ba sai ka ga fuskar ko ɗaya ba, ka san suna nan. Abin da ya sa shi son wannan darasi ke nan tun yana da gashi a ka, matarsa marigayiya tana yi masa tsiya wai ya fi sanin lambobin da ba a gani ba fiye da takalman 'ya'yansa.

Yana cika allon da jeri. Sifiri, ɗigo, doguwar wutsiya. Wani a ƙarƙashinsa, wani a ƙarƙashin wancan. Rubutun ya karkace, to sai me? Ana karantawa.

Nan ne wurin. A nan yake tsayawa kowace shekara, duk wanda ya bi ta hannunsa ya sani. Ya juyo, ya miƙa allin ga aji.

"Ga layi. Wa zai kawo min lamba ɗaya da ba ta ciki?"

Sai ya yi shiru. Shirun nasa ne, shi ya ƙirƙiro shi, ba ya taimaka wa kowa har sai wani ya gaji ya taso. A da daɗi gare shi, ana jin ƙarar fanka, ana jin kawuna suna tafasa. A cikin irinsa ne wata shekara wani siririn ɗalibi mai tawada a aljihun riga ya taso daga bencin farko, ya karɓi allin, ya je ya… ya yi abin. Ya yi shi daidai. Malam ya tafa masa da hannu biyu, lokacin yana da biyun.

Yau shirun wani iri ne. Yarinyar da ke gaba ba allon take kallo ba, hannunsa take kallo. Na kusa da ita ya sunkuyar da kai. An gaya musu ke nan. Wa ya gaya musu? Tausayi ne wannan, yana jin warinsa, tun daga asibiti yake bin sa, gara a zage shi. Ba mantuwa ba ce, 'yan banza, jira nake, ku nake jira… Hannun ya soma nauyi. Ba zai sauke ba. Ai Ɗan Gaba ya sani. Ko duk duniya za ta ɗauka ya ɓace ne, wancan ya sani, daga wannan shirun ya fito, wannan allin ne ya kai shi kujerar da yake juyi a kai. Zai yi murmushi ya ce musu, haka Malam yake yi, ku tashi.

Ga shi ya tashi. Ya ajiye biron. Yana tahowa a hankali, irin tafiyar masu zuwa dubiya.

"Malam, ka ɗan zauna ka huta. Bari in ƙarasa."

Da hannu biyu ya zare allin, har da rusunawa. Wani ya turo kujera, Malam ya tsinci kansa a kai bai san ya zauna ba. Shi ke nan ajin, a gaban idonsa, cikin ladabi. Butulu. Zai same shi a ofis, zai rufe ƙofa, zai ce da gangan na tsaya, ka fi kowa sani, kuma ga abin da ke biye, saurara: ka ɗauki lamba ta farko, sai ka… ka ɗauke ta, sannan…

Sannan me?

Bayan Ɗan Gaba ya tare allon. Muryarsa kawai ke zuwa: a sauya gurbin farko na ta farko, gurbi na biyu na ta biyu, na uku na ta uku, haka har abada, sabuwar lambar ta saɓa wa kowace a wuri ɗaya, don haka ba ta cikin layin.

Kai, abin da kyau. Wa ya yi wannan tunani? Malam yana jin daɗin yana ratsa shi, sabo fil, irin na wanda bai taɓa ji ba… bai taɓa ji ba…

Yaushe amsar ta tafi daga kansa — bayan ya miƙa allin, ko tun kafin ya miƙa?

Hannun yana nan a buɗe a kan gwiwarsa, fari da ƙurar alli.