Hannu a Bakin Igiya

Tun da aka kwashe gero Hamdiya ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Yayanta Gazali, wanda ya shekara tara yana kabu-kabu, wato haya da babur, a tashar Tambuwal, ya shiga tseren babura na bana, wanda ake yi a gonakin da aka share bayan girbi. Ya zo na ɗaya a Jabo, na biyu a Sanyinna. Saura na Kebbe, kuma wanda ya ci shi kaɗai za a tura gasar ƙasa.

A motar zuwa Kebbe ta buɗe taga, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Ke ɗiyar nan, bar tagar ga ta huta," in ji Goggo Atu, ƙanwar babansu. "Ko ke ka hawan babur ɗin?"

An kewaye filin da igiya da tsofaffin tayoyi. Babura huɗu ne a layi, zagaye huɗu za a yi. Kusa da Gazali akwai Dogo, bakaniken Kebbe, wanda ya kayar da shi a Sanyinna. Dogo ya leƙo yana murza mai.

"Ɗan kabu-kabu, ka kai ni Jabo?"

"Biyo ni baya, ka ga hanya," in ji Gazali.

Aka sauke tuta. Hamdiya ta ƙanƙame igiya har ta ci mata tafin hannu. A zagaye na biyu babur ɗaya ya kwanta a kwana, mai shi ya tashi yana ɗingishi. A na uku Gazali ya shige Dogo ta ciki, ƙafarsa ta hagu tana share ƙasa. Goggo Atu ta rangaɗa guɗa. Kowa na kiran sunan gwaninsa. Hamdiya ta buɗe baki, murya ta ƙi fita, don ko a gida ba ta saba ɗaga ta ba.

Ga Gazali ya fito daga kwanar ƙarshe, saura taku kaɗan ya kai layi, kuma ta gabanta zai wuce. Sai ta matsa jikin igiyar, ta miƙa hannu tana kaɗa masa.

Ƙarar injinsa ta faɗi. Kansa ya juyo, babur ɗin ya karkato gefen igiya kamar zai tsaya. Ƙiftawar ido ne kawai, ya farga ya sake murza mai, amma Dogo ya riga ya wuce.

Mutanen Kebbe suka cika fili, suka ɗaga Dogo sama. Gazali ya turo babur ɗinsa zuwa gindin wata tsamiya, ya cire hular kwano ya zauna a kanta.

"Mi ya faru?" in ji Goggo Atu. "Mai ya ƙare maka?"

"Wata ta tsaida ni, Goggo. Mai shuɗin hijabi. Ban ko ga fuskarta ba, hannu kawai na gani kamar na fasinja, nawa hannun ya saki mai."

Goggo ta dubi hijabin Hamdiya, ta kawar da kai.

"Ni ce, Yaya."

Ya daɗe yana kallonta. Ya tsinci wani karan gero ya kakkarya shi gunduwa-gunduwa.

"Ke da ba ki magana," ya ce, "yau kinka ga damar kiran babur."

"Gaishe ka na so yi."

"To, na amsa."

A can tsakiyar fili ana karanta sunan Dogo a lasifika, da ranar da zai tafi. Gazali ya saurara har aka gama. Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa, ya hau, sai a bugu na uku injin ya tashi.

"Goggo, ki bi mota. Ke kuma hau. Tunda kin tsaida ni, ina za ki?"

"Gida," ta ce, ta rasa inda za ta sa hannunta.