Jirgin da ke Ƙarƙashin Katanga

Da ruwan kogin Bani ya janye bana, sai ya tafi da rabin katangar gidan Lassine Karabenta, ya bar wasu baƙaƙen katakai jere a tushen ginin. Wannan ba labari ba ne a Mopti. Jirgi in ya tsufa ƙyaure yake zama, ko makarin gaɓa. Amma wata 'yar Bamako mai tonon kayan tarihi, Kadidia, ta zo ta tare a wurin, tana share su da ɗan burushi kamar mai yi wa jariri wanka.

"Baba, zo ka gani," ta ce. "Ɗinkin igiya ne, babu ƙusa ko ɗaya. Ga ma alamar mai shi."

Lassine ya duƙa. Ƙugiya biyu, da ɗigo a tsakani. Ya murje ido ya sake dubawa. Alamar mahaifinsa ce, mutumin da aka ce ya nutse da jirginsa a tafkin Debo tun Lassine yana goye. Kansa ya ɗaure tamau. Jirgin da ke ƙasan Debo, wa ya kawo shi ƙarƙashin katangarsa?

"Wataƙila an tsamo shi daga baya," in ji Kadidia.

"Ke 'yar birni! Jirgin da ya ci rai ba a gini da shi. Ko girki ba a yi da itacensa."

Sai da ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa: ke nan jirgin nan bai ci ran kowa ba. Ko takalmi bai tsaya nema ba, ya nufi wurin Sitan, ƙanwar mahaifin nasa. Ya same ta tana juya kifi a kan hayaƙi.

"Gwaggo, jirgin Baba yana cikin katangarmu."

"Masu burushin nan dai ba su da aikin yi."

"Gwaggo, ya nutse ko bai nutse ba?"

Ta daɗe tana gyara kifin da ba ya bukatar gyara.

"Ni da uwarka muka fasa shi da gatari. Ubanka wata mata ya bi zuwa garin Gao. Uwarka ta ce gara ka tashi maraya da ka tashi yasasshe."

Lassine ya zauna daɓas a ƙasa. Ya rasa fushi zai yi ko kuka.

"Yana da rai?"

"Ni ina na sani? Sau biyu dai ya aiko yana nemanka. Na ƙarshen, shekara takwas ke nan."