Makullin da Bai Mayar Ba

…wai bai fita ba. Shi! Shi da ya sayar wa ƙaninsa rabinsa na maɗaba'ar shekara biyu da suka wuce, a gaban lauya da shaidu, har da ɗaukar hoto. Yau ga shi a bencin kotun ɗaukaka ƙara, yana jiran ya ji ko gidansa ma zai bi injina zuwa gwanjo.

Kamfani ya karye a hannun wani, shi ake shaƙe wa wuya. Alƙalin farko cewa ya yi cinikin na fatar baka ne, wanda ya sayar da kasonsa ba ya ci gaba da sa wa kamfani hannu. Sau arba'in da uku. Zama suka yi suka ƙirga, marasa aikin yi!

To wa zai karɓi kayan? Motar takarda tana isowa ƙarfe bakwai, sabon mai kamfani yana can yana sharar barci, direba na danna hon — "Baba, ɗan sa mana hannu mu wuce." Sai ya ce a'a? A bar takarda a ruwa?

Fankar nan ma kuka take, ba mai ɗiga mata mai. Haka babban injin yake yi in aka kwana biyu ba a… kuma wancan sakaran ƙanin nasa bai san kukan inji ba, kukan waya kawai ya sani.

Ga shi can a ƙarshen benci, ya sha guga, ya ƙi ɗago kai. "Yaya bai taɓa barin wurin ba," haka ya faɗa wa alƙali, ko kunya babu. Abin da ke cin rai, ba ƙarya ya yi ba.

"Malam, ka sayar fa. Ina kuma za ka da sassafe?" Matarsa, can a gida, riƙe da butar shayi.

"Leƙawa kawai zan yi."

Leƙawa! Shekara biyu yana leƙawa.

Lauyansa abu ɗaya ya nema: shaidar cewa roƙonsa aka yi ya taimaka. Saƙo, kira, ko da ɗaya. Ai an roƙe shi! Ranar da… a'a, ran nan da kansa ya je. To lokacin da bel ɗin inji ya tsinke — shi ma shi ya fara gani.

Wa ya kira shi? Wa ya taɓa kiransa?

Magatakarda na kiran lambar shari'ar. Ya kai hannu aljihu zai ciro hankici, makullin maɗaba'ar ya taɓa.

Har yau da safe sai da ya biya ta can.